Ƙurar Hunturu: Daga Busasshen Tafkin Chadi Zuwa Huhun Mutum

Hunturu iska ce busasshiya mai sanyi wadda ke tasowa daga hamadar Sahara, ta biyo ta arewa maso gabas, ta ratsa Afirka ta Yamma har gaɓar teku wajen Legas da Kwatano. Takan fara kaɗawa a ƙarshen Nuwamba bayan an gama kaka, ta yi ƙarfi a Disamba da Janairu, sannan ta lafa wajen tsakiyar Maris. Da abu uku ake gane ta: sanyin dare da na asuba, bushewar da ke tsage leɓe da dunduniya, sai kuma hazo, wato farar ƙurar nan mai laushi da ke rufe sararin sama har rana ta koma fara fat, ta kwanta a kan ganye da tabarma da gashin ido. Kowane ɗaya daga cikin ukun yana da dalilinsa, kuma dalilin farko ba a doron ƙasa yake ba, yana can a yadda duniya ke kewaya rana.

Karkatar duniya

Mutane da yawa sun ɗauka cewa rana ce ke yin nisa da duniya lokacin ɗari. Abin ba haka yake ba. A farkon Janairu, tsakiyar muku-mukun sanyi, duniya ta fi kusa da rana, tazarar kimanin kilomita miliyan 147, alhali a farkon Yuli tazarar takan kai miliyan 152. Abin da ke kawo sauyin yanayi shi ne duniya ba a miƙe take juyawa ba, a karkace take da kimanin digiri 23 da rabi. Saboda haka rabin shekara ɓangaren arewa ne ke fuskantar rana sosai, ɗaya rabin kuma ɓangaren kudu.

Wajen 21 ko 22 ga Disamba rana takan kai maƙurar tafiyarta kudu. Mai lura zai ga haka a tsakar gidansa a Kano ko Damagaram: ko da rana ta take tsaka inuwar bango ba ta shigewa ƙarƙashinsa, tana miƙe ne ta yi arewa, yini kuma ya rage zuwa kimanin awa 11 da rabi. Hasken da ya sauka a karkace ba ya ƙona ƙasa kamar wanda ya sauka a tsaye. Sai hamada ta huce, iskar da ke kanta ta yi nauyi ta danno ƙasa, ta fara malala kudu inda zafi ya koma. Da duniya ba ta juyawa, da iskar daga arewa sak za ta zo. Juyawar ce ke karkata ta yamma, shi ya sa ake jin ta daga arewa maso gabas.

A Afirka ta Yamma iska biyu ne ke ture juna duk shekara: wannan busasshiyar ta hamada, da mai laima da ke zuwa daga tekun Atlantika ta kudu maso yamma. Iyakar da ke tsakaninsu tana bin rana ne. A Agusta takan haura har ta wuce Agadas, ƙasar Hausa ta shiga marka. A Janairu takan gangara kusa da bakin teku, arewa duk ta koma hannun iskar hamada.

Sanyin kansa daga bushewar yake. Tururin ruwa da gajimare su ke riƙe zafin da ƙasa ta sha da rana, su hana shi tserewa da dare. A hunturu laimar iska kan sauka ƙasa da kashi 15 cikin 100, babu gajimare, don haka da rana ta faɗi zafin sai ya wuce sama ba abin da ya tare shi. Garin da ya kai maki 30 da azahar yana iya wayar gari a maki 12 ko ƙasa da haka, a tsaunukan Azbin kuwa har ruwa kan daskare. Hazon ma yana taimakawa, domin yana tare wani kaso na hasken rana tun kafin ya iso ƙasa.

Inda ƙurar ke fitowa

Ba ko'ina a Sahara ke ba da ƙura ba. Tuddan rairayin da aka saba gani a hoto ƙwayoyinsu sun yi nauyi, iska na mirgina su ne kawai, ba sa nisa. Ƙurar da ke tafiyar dubban kilomita daga busassun tafkuna da tsofaffin fadamu take tashi, kuma babu wanda ya kai wani kwari da ke arewacin Chadi mai suna Bodele. Nan ne wuri mafi gangara a ƙasar Chadi, kimanin mita 155 kawai sama da teku, kuma masana sun daɗe suna lissafa shi a matsayin wurin da ya fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. Hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna ƙura na tashi daga can kimanin kwana 100 a shekara, akasari a hunturu, kuma wani ƙiyasi da aka buga a 2006 ya ce a rana guda mai iska ana iya kwashe tan 700,000.

Tarihin wannan kwari shi ne ainihin labarin hazo. Tsakanin shekaru kimanin 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce Sahara kore ce shar. Dalilin ma daga sama yake: karkatar duniya tana sauya alkibla sannu a hankali, a zagayen da ke ɗaukar shekaru dubu ashirin da 'yan kai. A wancan zamani lokacin da duniya ta fi kusa da rana yana dacewa da daminar arewa, ba da hunturu ba kamar yanzu. Zafin ya fi yawa, ya jawo iskar teku can cikin hamada, ruwa ya wadata. Mutanen lokacin sun bar shaida a jikin duwatsu, kamar manyan raƙuman dawan da aka sassaƙa a Dabus, arewa da Agadas. A wani kwazazzabo mai ruwa cikin tsaunukan Ennedi an samu 'yan kadoji da suka yi saura tun wancan zamani, hamada ta kewaye su ta ko'ina.

A lokacin tafkin Chadi ya kai faɗin murabba'in kilomita kusan 350,000, ya fi ƙasar Ghana girma nesa ba kusa ba. Idan aka tuna cewa a shekarun 1960, kafin fari ya ci shi, faɗinsa kimanin 25,000 ne, za a gane irin ruwan da ake magana. Tudun yashin nan mai tsawo da ya bi ta Maiduguri da Bama tsohuwar gaɓarsa ce. Kwalekwalen da wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a Dufuna ta jihar Yobe a 1987, wanda awo ya nuna ya kai shekara 8,000, na mutanen da suka rayu a bakin ruwan wancan zamani ne. Bodele kuwa shi ne wuri mafi zurfi a tafkin, shi ya sa ya daɗe da ruwa bayan yawancin tafkin ya ƙafe.

Cikin ruwan akwai wasu halittu dangin gansakuka, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu, kowace ƙwaya ɗaya tal ce da ke gina wa kanta ɓawo daga sinadarin da ake yin gilashi da shi. Suna mutuwa ɓawon na nutsewa, shekara bayan shekara, har ya taru ya yi kaurin mitoci, haɗe da laka da ƙasusuwan kifi. Da tafkin ya ƙafe sai ya bar farar ƙasa marar nauyi, mai rugurgujewa a tafin hannu. Ita ce ke ba ƙurar Bodele farin da aka san ta da shi. Wani kaso na abin da ake gogewa a kan gilashin mota da safe a Kano ko Maiduguri ɓawon halittun ruwa ne da suka mutu dubban shekaru da suka wuce.

Ƙasa mai laushi ita kaɗai ba ta isa ba, sai da iskar da za ta ɗaga ta. A nan ma wurin ya dace. Arewa da kwarin akwai tsaunukan Tibesti, inda Emi Kusi, dutse mafi tsawo a Sahara, ya haura mita 3,400. Gabas da shi akwai Ennedi. Iskar da ta taso daga wajen Libiya dole ta matse ta bi tsakaninsu, kamar yadda iska ke ƙara ƙarfi idan ta shiga lungu tsakanin katanga biyu, kuma bakin lungun yana kallon Bodele kai tsaye. Tawagar masana da ta yi zango a can a farkon 2005 ta auna yadda abin ke faruwa. Da dare iskar mai ƙarfi tana gudu ne a sama, 'yan ɗaruruwan mitoci daga ƙasa. Da hantsi ya ɗumama ƙasa sai ta sauko. Idan gudunta ya kai kimanin kilomita 36 a awa, gutsattsarin farar ƙasar kan fara tsalle suna karo da juna suna farfashewa, garin ya tashi sama. Shi ya sa ƙurar ta fi tashi da safe.

Daga Bodele zuwa Kano ya haura kilomita 1,000, ƙurar kuma kan yi tafiyar cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Tun zamanin Turawa masu hasashen yanayi suka gane cewa idan rahoto ya zo ƙura ta turnuƙe a Faya-Largeau, to arewacin Najeriya ta shirya. Yankin Bilma a Nijar ma na ƙara nasa. Ranar da hazo ya yi kauri mutum ba ya hangen abin da ya wuce 'yan ɗaruruwan mitoci, jiragen sama su kasa sauka, direbobi su kunna fitila da rana.

Tsallaken teku

A Janairun 1832 jirgin ruwan Beagle na kusa da tsibiran Kef Bade, ɗaruruwan kilomita daga gaɓar Afirka, sai Charles Darwin ya lura da wata ƙura mai laushi tana sauka a kan jirgin. Ya tara kaɗan, daga baya aka kai wa wani masani a Jamus mai suna Ehrenberg, wanda ya duba ta da madubin ƙara girma ya tarar da ɓawon ƙananan halittu, mafi yawansu na ruwan daɗi. An daɗe da sanin cewa ƙurar Afirka na shiga teku. Yawanta ne ba a sani ba sai da tauraron ɗan'adam ya zo.

A 2015 masana na hukumar NASA ta Amurka suka fitar da lissafin awon da tauraron CALIPSO ya yi daga 2007 zuwa 2013. Sun ce a matsakaici tan miliyan 182 na ƙura ke barin yammacin Sahara kowace shekara, kuma kimanin tan miliyan 27.7 na sauka a yankin dajin Amazon na Kudancin Amurka. Wannan daji duk da duhunsa ƙasarsa ba ta da ƙarfi, domin ruwan sama mai yawa ya daɗe yana wanke ta. Abin da ta fi rasawa shi ne fosfaras, sinadarin da manomi ke nema idan ya sayi takin sufa. Ƙurar na kai mata kimanin tan 22,000 a shekara, kusan daidai da abin da ruwa ke kwashewa. An kuma tabbatar cewa wani ɓangare na fosfaras ɗin Bodele daga ƙashin kifin tsohon tafkin ya fito. Masana sun yi saɓani kan kason Bodele a abin da ke isa Amazon: binciken 2006 ya ba shi kusan rabi, wani na 2020 kuma ya ce yawancin ƙurarsa na faɗuwa a hanya, wadda ke tsallakewa ta fi fitowa daga hamadar da ke tsakanin Mali da Muritaniya. Abin da ya faɗa teku ma ba asara ba ne, baƙin ƙarfen da ke cikinsa abinci ne ga ƙananan tsirran ruwa da kifi ke rayuwa a kansu.

Da damina hanyar kan karkata arewa, ƙurar ta nufi tsibiran Karibiyan da kudancin ƙasar Amurka, inda busasshiyar iskar da ke ɗauke da ita ke raunana mahaukaciyar guguwar teku tun tana haɗuwa.

Idan binciken 2020 ya yi daidai, to mafi yawan amfanin Bodele a Afirka ta Yamma yake zuba, kuma wannan ne ɓangaren da ya kamata a fi ba muhimmanci. Masu binciken ƙasa da suka kafa tarkon ƙura a arewacin Najeriya da kudancin Nijar sun tarar tana ɗauke da sinadaran da shuka ke so, irin su kalsiyam da fotasiyam, fiye da jigawar da take sauka a kai. Ba ta maye gurbin taki, amma a gonar da ake nomawa shekara da shekaru ba hutu, ɗan abin da take ƙarawa ba abin rainawa ba ne. Sanyin kuma shi ne jarin manomin rani: alkamar Kadawa da kwarin Haɗeja ba ta yin kyau sai ta samu ɗari, wanda ya makara da shuka zafin Maris ya riske ta tana fitar da kai, ya ga bambanci a buhu.

Abin da take yi wa jiki

Fata ce ke fara gani. Samanta akwai siririn maiƙo da ke hana ruwan jiki fita. Busasshiyar iska na zuƙe ruwan, wanka da ruwan zafi da sabulu mai ƙarfi kuma su wanke maiƙon, sai fata ta yi furu-furu. Leɓe ba shi da wannan maiƙo, don haka shi ke fara tsagewa, lasarsa kuma ƙara busar da shi take yi. Dunduniya fatarta mai kauri ce kuma tana ɗauke da nauyin jiki, in ta bushe sai ta dare, a samu kaushi da faso. Man kaɗanya ko basilin ba ruwa suke ƙarawa ba, rufe hanyar fitarsa suke yi, shi ya sa shafa su ya fi amfani da zarar an fito wanka jiki na da danshi.

Babban aikin yana cikin hanyar numfashi. Baligi kan ja numfashi sau 12 zuwa 20 a minti, abin da ya kai lita 10,000 na iska ko fiye a yini. Hanci ne ke tace ta, ya ɗumama ta, ya jiƙa ta. Gashin hanci na tare manyan ƙwayoyi, majina ta kama na ƙasa da su. Daga maƙogwaro zuwa rassan huhu kuma bangon a shimfiɗe yake da wasu gasu ƙanana da ido ba ya gani, suna kaɗawa sama da sau 10 a daƙiƙa, duk suna tura majinar sama zuwa maƙoshi, inda ake haɗiye ta ko a yi kaki. Wannan aiki sai da danshi yake tafiya. In iska ta bushe majinar kan yi kauri, gasun su yi sanyin aiki, fatar cikin hanci ta tsage. Jijiyoyin jinin gaban hanci a sama-sama suke, abin da ke sa yara yawan haɓo a wannan lokaci.

Girman ƙwayar ƙura shi ke nuna inda za ta tsaya. Kaurin silin gashin kai kimanin maikuromita 70 ne. Ƙwayar da ta gaza 10 na iya wuce hanci, wadda ta gaza 2.5 kuwa na kaiwa can ƙarshen huhu, cikin ƙananan jakunkunan iska miliyan 300 zuwa 500 inda jini ke karɓar iskar shaƙa. A can babu gasun shara, sai wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da ke haɗiye datti ɗaya bayan ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idarta ta 2021 ta ce kada irin wannan ƙaramar ƙura ta wuce maikurogiram 15 a kowace kubik mita ta iska, a matsakaicin yini. Ranar hazo mai kauri akan ninka wannan sau da yawa, ga hayaƙin itace da na ƙona daji da bola da ke haɗuwa da ita. Mai fuka, da tsoho mai ciwon zuciya, da jariri, su ne suka fi jin jiki. Mai sikila kuma sanyi da ƙarancin ruwa a jiki na tayar masa da ciwo, ga shi a hunturu ƙishirwa ba ta cika damun mutum ba, sai ya yini bai sha ba. Amawalin rawani da mayafi na rage manyan ƙwayoyi, amma ƙananan sai takunkumin da aka yi don tace su.

Akwai haɗarin da ba na iskar ba ne, na neman tsira daga gare ta ne. Kaskon gawayi a ɗakin da aka toshe ƙofa da taga yana fitar da wata iska mai guba marar launi marar wari, wadda ke kama jini fiye da iskar shaƙa sau 200 da wani abu. Mai barci ba ya farkawa ya ji ta. Duk shekara ana rasa rayuka ta wannan hanya, kuma kowanne daga cikinsu da an fitar da kaskon kafin a kwanta da bai faru ba.

Sanƙarau

Cutar da ta fi alaƙa da wannan yanayi ita ce sanƙarau, wato kumburin tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka. A 1963 wani likitan sojan Faransa, Léon Lapeyssonnie, ya zana yankin da annobar ke yawan komowa, wanda yanzu aka lissafa ƙasashe 26 a cikinsa daga Senegal zuwa Habasha, ƙasar Hausa na tsakiya. Ƙwayar cutar kan zauna a maƙoshin mutum ɗaya cikin 10 ba tare da ta yi masa komai ba, tana yawo ta tari da atishawa. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne bushewa da ƙura na raunana fatar hanci da maƙoshi, ƙwayar ta samu kafar shiga jini, cunkoson kwana a ɗaki ɗaya kuma ya sauƙaƙa yaɗuwarta. Takan fara da hunturu, ta yi tsanani da zafin bazara a Maris da Afrilu, ta yanke da saukar ruwan farko.

Annobar 1996 zuwa 1997 ta kama sama da mutum 250,000 a yankin, ta kashe kimanin 25,000, arewacin Najeriya na cikin inda ta fi ɓarna. Nau'in da ake kira A ne ya jawo ta. A Disambar 2010 aka fara allurar MenAfriVac a Burkina Faso, sai Mali da Nijar, Najeriya ta bi a 2011, kuma cikin 'yan shekaru nau'in A ya kusan ɓacewa. Sauran nau'o'in ba su tafi ba: nau'in C ya yi ɓarna a Nijar a 2015, ya sake yi a Zamfara da Sakkwato da maƙwabtansu a 2017. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar Men5CV mai kariya daga nau'i biyar, A da C da W da X da Y.

Rigakafin bai kai ga kowa ba tukuna, kuma cutar na iya kisa cikin awa 24. Alamunta zazzaɓi mai zafi da ya zo farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani, sandarewar wuya, amai da ƙin haske, a jariri kuma kumburin maɗiga da ƙin mama. In ba a yi magani ba tana iya kashe rabin waɗanda ta kama, waɗanda suka tashi kuma kimanin ɗaya cikin biyar kan rage da kurunta ko wata naƙasa. Allurar kashe ƙwayoyin cuta na aiki a kanta sosai idan an kai marar lafiya asibiti a ranar da alamun suka bayyana.